Hannun da wuta ta zana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son in ba da labarin nan amma duk sanda na ɗauki waya zan fara sai gabana ya faɗi in ajiye, ga shi ni ba gwanar rubutu ba, karatun ma a kolej na tsaya, in kun ga na yi ta zuba ku yi min uzuri. Ni mace ce haifaffiyar Damagaram, wato Zinder a Nijar, nan aka binne cibiyata nan na girma. Ba zan kama sunan kowa ba, wanda kuma ya gane ni ya rufa min asiri Allah ya rufa mishi.

Babanmu esans, wato man fetur, yake saidawa, irin na buteli da ake jerawa kan tebur a bakin hanya, wanda ake shigowa da shi daga Najeriya ta hanyar Matamaye ko ta Magarya. Ko da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a yankinmu a ƙarshen 2011 har ana cewa ta 'yan buteli ta ƙare, ina, na Najeriya ya fi araha tunda a lokacin gwamnatinsu na biyan tallafi a kai, ɗan kabu-kabu kuwa ina ruwanshi da inda mai ya fito. Da wannan sana'ar aka ci da mu aka yi mana kayan salla aka sai mana kaye da bik, wato littafin rubutu da biro. Jarkokin a cikin gida suke kwana a wani ɗan ɗaki jikin zaure, mun saba da warin har ba ma jin shi sai in mun je lakwal, makarantar boko ke nan, yara su ce muna warin mota.

Bazarar 2012 ne ina da shekara 14. Bayan la'asar ni da yayana muna ɗura mai a buteli, shi yana tuttulawa daga jarka ni ina riƙe da mazurari, aikin da muke yi kullum. Can gefen tsakar gida an hura gawayi a furno za a ɗora shayi, da ɗan nisa fa. Ashe ba sai wuta ta taɓa man ba, tururinshi ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana tafiya har ya iske garwashi, wutar kuma ta biyo shi ta dawo inda ya fito. Ni dai ƙara na ji fuuu sai na ga hannuna na dama yana ci, dama ya jiƙe da mai, rigar kuma irin yadin roba ce ta narke ta manne da fata. Wani maƙwabci ne ya tuɓe babbar rigarshi ya lulluɓe ni ta mutu. Yayana ya tsira da 'yar ƙuna a ƙafa, ni kuwa daga yatsu har saman gwiwar hannu, da gefen wuya inda hijabi ya kama.

Ranar ko ɗigo babu a pampo, ba sai na yi wa ɗan Zinder bayanin ruwa a bazara ba, ɗan abin da ke randa an kashe zanar banɗaki da ta kama da shi. Mata suka cika gidan kowa da nata maganin, wannan ta fasa ƙwai, wannan ta matso makilin, wata manja, wata har da gishiri, duk da zuciya ɗaya suka yi ban taɓa riƙe kowa ba. Amma a asibiti sai da aka kankare duk abin nan daga kan ɗanyen nama kafin a sa magani. Majon da ya karɓe mu, wato babban malamin asibitin, ranshi a ɓace ya ce wa Inna ruwa kawai ake so, mai ɗan sanyi ba ƙanƙara ba, a yi ta kwarara shi kan ƙunar kamar minti 20, a cire zobe da awarwaro tun hannu bai kumbura ba, tufar da ta manne kar a fizge ta, a rufe da ƙyalle mai tsabta a taho. Dan Allah ku riƙe wannan. Zoben azurfar da ke yatsana sai yanka shi aka yi.

Na yi watanni a kwance. Wanda bai taɓa ganin pansama na ƙuna ba, wato wankin ciwo da canza bandeji, ba zai gane ba, bandejin ya bushe ya kama nama, a jiƙa a ɓamɓare a wanke, tun ana turo ɗan teburin nan mai taya daga nesa nake fara kuka, har yau in na ji ƙarar irinshi jikina sai ya yi sanyi. Ordonas kuwa, takardar sayen magani, ba ta ƙarewa, Inna ta saida awakinta da kwanonin jerenta ɗaya bayan ɗaya. Baba kullum yana zuwa amma a bakin ƙofa yake tsayawa, ya miƙo leda ya ce "ya jiki Uwata" yana kallon ƙasa ya juya. Tun ranar bai sake taɓa jarkar esans ba, ya koma turin kura a kasuwar Dole, ya rame ya daina zama cikin mutane.

Da aka sallame ni na ɗauka an gama, ashe sannan aka fara. Fatar ta warke kala-kala, wani wuri fari fat, wani wuri baƙi mai tudu mai sheƙi, ga ƙaiƙayin da ke hana barci, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun lanƙwashe sun ƙi miƙewa. To a garinmu in aka ga farin tabo da naɗaɗɗun yatsu abu ɗaya ke zuwa ran mutane, kuturta. Garin da ke da unguwa irin Kara-Kara wadda tun asali nan aka ware masu wannan lalurar, kowa da tsoron abin ya tashi. A wani gidan suna mun zagaye faranti za mu ci shinkafa na miƙa hannu, wata mata ta janye 'yarta ta ce a zuba min nawa daban. Ba wanda ya ce mata kanzil. Na tashi na ce na ƙoshi. Ranar na ɗanɗana abin da mutanen nan ke sha tsawon rayuwarsu, alhali cutar tasu ma tana da magani yanzu kuma wanda ya fara shan shi ba ya yaɗa ta.

Daga nan na shiga sa safar hannu, baƙa, doguwa har gwiwa. A zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 ina cikinta, gumi ya taru ƙaiƙayi ya tashi amma ba na cirewa sai zan yi wanka ko alwala, ita ma a ɗaki. Abin dariya mutane suka fara ce min ustaziya, iyaye na nuna ni suna ce wa 'ya'yansu ku ga mai kamun kai, ni kuwa Allah ya sani idon mutane nake gudu. Lakwal na koma amma bik ba ya riƙuwa, mushe, malaminmu, yana dikte, wato shifta, kafin in rubuta layi ɗaya an wuce uku, na maimaita aji, daga baya na daina zuwa ban kai ga brebe ba, jarrabawar gama kolej.

An taɓa zuwa neman aurena magana har ta kai ga manya, shi ya san da ƙunar tun farko ya ce ba komai. Sai 'yan uwanshi mata suka zo wai gaisuwa, babbar ta ce "ƙanwata cire safar mana ki sha iska", na cire. Ba su ce komai ba sai sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Daga ranar ƙafarshi ta ɗauke, ko sallama. Amma wallahi wannan bai kai min ranar ƙunshi ciwo ba. Duk bikin ƙawa ni ce dafa wannan ɗauko wancan, dan dai kar in zauna inda 'yan mata suka baje hannuwa ana zana musu. Jajibirin salla kuwa ciwon kai nake ƙirƙira in kwanta.

Wajen 2018 na samu babbar waya na buɗe Facebook, a nan na fara cin karo da hotunan matan ƙasashen waje da suka yi tatu, zanen allura da ba ya goguwa, a kan tabonsu. Wata ƙuna ce irin tawa an bi ta da reshen bishiya da furanni, wata an cire mata nono saboda ciwon daji an zana mata fure a wurin ɗinkin. Zanen ya yi kyau amma abin da ya fi tsaya min a rai yadda suke tsayawa gaban kamara suna nuna wurin da kansu ba kunya. Na yi ta ajiye hotunan ina kallo cikin dare. Raina yana ce min wuta ta yi min zane ba ta shawarce ni ba, duk wanda ya kalle ni ranar nan yake gani, to ni ma ina son in sa wani abu a jikin nan wanda ni na zaɓa. Na fara tara kuɗi a ɓoye daga ɗan ƙullin omo da magi da nake saidawa a gida.

Mutum ɗaya na san zan iya tunkara da maganar, ɗan goggona. Shi ɗan pale ne a da, cikin samarin nan masu ɗaga ƙarfe da gari ke tsoro, daga baya ya bi ta Agadas ya tafi Libiya. Tafiyarshi ta faɗo bayan dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure, lokacin da direbobi suka daina bin hanyar da aka sani mai rijiyoyi suna ratse cikin Sahara dan gudun sojoji. Motarsu ta lalace gaba da Dirku, ruwa ya ƙare, amininshi da suka tashi tare tun suna yara ya cika a kan cinyarshi, da hannu suka tona rairayi suka rufe shi. A Sabha ya sa aka yi mishi tatu a damtse, harafin farko na sunan yaron da shekarar, shi ke nan, ba ma kyau ya yi ba layin ya karkace. Dangi sun yi ta zaginshi a kai, wasu ko salla ba sa bari ya ja su. Da na tambaye shi me ya kai shi ya daɗe bai yi magana ba sannan ya ce "ƙanwata, kowa in nashi ya mutu ya san inda kabarin yake, ni ko an mai da ni wurin ba zan gane ba, iska ta share. Nan ne kawai in na duba nake ganinshi in yi mishi addu'a."

Na faɗa mishi nufina bai yi min faɗa ba. Ya ce akwai wani da ya dawo da injin yana yi wa samari a ɓoye amma shi ba zai kai ni ba, ya ga yadda allura ɗaya ke zaga mutane ana goge ta da alkol kawai, wasu ma ruwan bik suke cusawa. Ya ce "kuma ki sani abin bai cire min komai ba, har yanzu in na kwanta ina jin muryarshi yana roƙon ruwa. Ya dai ba ni wurin ajiye shi."

Ban haƙura ba, na je wurin malamarmu ta islamiyya na yi kamar wata ƙawata ce ke tambaya, ta kalli safata ta yi murmushi. Ta karanto min hadisin da ke cikin Buhari da Muslim inda aka la'anci mai yin jarfa da wadda ake yi wa, ta ce ba wani kwana-kwana, a huda fata a cusa launi ya zauna har abada shi ne abin da aka hana, da aska aka yi ko da inji. Raina ya ɓaci na manta da zancen ƙawa na ce "Malama to ni da halittar tawa ta riga ta canza fa?" Ba ta yi fushi ba. Ta ce gyara abin da ya lalace daban ne, ta ba ni labarin sahabin nan Arfaja da aka sare wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi mishi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Ta ce in likita zai yi aiki ya miƙe yatsun nan ko ya gyara fata wannan neman magani ne ki nema, amma fure da allura ado ne. Na fito bakina ya mutu amma raina bai kwanta ba. Majon da ya saba yi min pansama shi ma da na taɓa mishi zancen cewa ya yi fata irin tawa mai yin tudu ko hujin kunne na iya tayar mata da sabon tabo bare allura ta yi ta sara, ga ciwon hanta da sida da allurar haɗaka ke ɗauka.

Wadda ta warware min abin ba ta taɓa shiga aji ba, Iya ce, kakata ta wajen uwa. Ita fuskarta da tsagar gado irin ta Barebari dogaye a kumatu, a wuya da hannuwa kuma tana da jarfa da ta koɗe ta koma shuɗi-shuɗi cikin tamoji. Wata rana ina matsa mata ƙafa na tambaye ta. Ta ce ta fuska ba ta san an yi ba tana jaririya wanzami ya yi, da ita ake gane ɗan wane gida ne ko ya ɓata ko an kama shi. Ta wuya kuwa ita ta kai kanta tana budurwa ita da ƙawayenta, wanzami ya tsattsaga da aska ya shafa baƙin tukunya, ta kwana da zazzaɓi amma ranar kasuwa ba wadda ta kai ta taƙama. Da karatu ya yawaita aka ce babu kyau ta yi istigfari, "amma ke 'yar nan fata ba ta san tuba ba, yarinyar da ta zaɓi zanen nan ta tafi tun tuni ta bar ni da shi." Sai ta kama safar ta ja, ban hana ta ba. Ta juya hannun ta shafa tudun da babban yatsanta, ban da Inna da ma'aikatan asibiti ba wanda ya taɓa taɓa wurin. Ta ce "in zane kike so ai ga lalle nan Allah ya hore, in ya gundure ki ya tafi ki sake wani. Gobe ki raka ni Birni."

Wata tsohuwar mai ƙunshi ce a lungunan bayan fadar Sarki, tun zamanin da ake cusa hannu a zunguru a kwana take sana'ar amma ta iya na zamani. Ta sa aka fitar da kowa. Lallen nata ita ke daka ganyen ta tankaɗe da ƙyallen ɗankwali har ya yi laushi, ta kwaɓa da ruwan lemun tsami da ɗan sukari ta bar shi ya tsima, ta ɗura a 'yar leda ta huda bakin. Na ce "Hajiya a rufe shi duka", ta ce lalle ba ya rufe tudu, in aka ce za a ɓoye sai ya ƙara fitowa. Sai ta bi gefen tabon, inda farin ya haɗu da baƙin nan ta ja layinta, tudun da ya taso daga wuyan hannu ta mai da shi reshe ta fitar mishi da ganyaye, fararen wuraren ta zagaye su da ɗige-ɗige ta bar cikinsu haka. Ga sanyin lallen a kan wurin da kullum yake min zafi da ƙaiƙayi. Tana yi tana ba Iya labarin tsadar gero ko kallon fuskata ba ta yi ba, na gode mata da wannan dan hawaye nake.

Da aka kankare bai kama daidai ba. A tafi ya yi ja har ya doshi baƙi, a kan tabon kuwa ruwan goro ne mai haske, dan launin lalle saman fata yake kamawa, inda fata ke da kauri kamar tafin hannu da na ƙafa nan ya fi zama, mai santsi irin tawa ba ta riƙe shi sosai kuma ya fi saurin fita. Duk da haka da safar a jaka na dawo gida. A kan kabu-kabu hijabi na ja na rufe, amma dai ba safa.

Da daddare na kai wa Baba tuwo da hannun dama, abin da na daina tun 2012. Na ga ya tsaya da wanke hannun da yake yi, ya daɗe, sannan ya ce "Uwata kawo in gani." Ya riƙe yatsun nan biyu da suka naɗe ya ce ki yafe min, na ce Baba me ka yi min, abincinmu kake nema. Tuwon nan ba a ci shi ba ranar. Shekara da shekaru muna gida ɗaya ni ina ɓoye mishi hannu dan kar ya ji ciwo, shi yana kau da kai dan kar in ji kunya.

Bayan kamar sati biyu zanen ya bi ruwa na koma, na yi ta komawa har Hajiya ta ce kuɗin Iya zai ƙare zo ki koya. Matsa ledar nan da yatsu uku shi ya zame min motsa hannun da aka ce a riƙa kai ni asibiti ana yi min kuɗi ya gagara. Da farko layina rawa yake, a kan kwali na koya sannan ƙafafun ƙannena, sannan yaran unguwa ranar jajibiri dala ashirin ashirin. Yau ita ce sana'ata, amare nake yi wa, na salatif da na zane duka, da ita nake taimakon gida.

Abu ɗaya ne ba na yi, dayis. Baƙin nan da ke kamawa nan da nan ba lalle ba ne, sinadarin rinin gashi ne ake ce mishi PPD, wasu jikinsu na ɗauka wasu kuwa bayan 'yan kwanaki wurin ya yi ja ya tashi ƙuraje masu ruwa daidai siffar zanen, kuma in jiki ya taɓa ƙin shi ya ƙi ke nan har rinin gashi sai ya tayar. An taɓa kawo min amarya hannu ya ɗuri ruwa ga ɗaurin aure ya matso wai in rufe mata da ja, na ce asibiti za ku. Ina rasa ciniki a kan wannan, wasu su ce na cika tsiya su tafi gaba a yi musu. Su je, ni na san tabo.

Akwai kuma uwayen amare da in suka ga hannuna sai su canza shawara wai kar in shafa wa 'yarsu rashin sa'a, wannan har yanzu yana min zafi ba zan yi ƙarya ba. Amma akwai matan da saboda hannun suke zuwa, ba ranar biki ba, su zo da rana tsaka su ce in rufe ƙofa. Mai tabon ruwan zafi a ƙirji, mai ɗinkin aikin haihuwa da ta ce mijinta ya daina kallonta, yarinyar da ta faɗa murhu tana rarrafe yanzu ta zama budurwa. Ba na taɓa wurin da bai gama warkewa ba, kuma sai na gwada ɗan kaɗan a gefe tukuna. Rabin lokacin hira ce, su faɗi yadda abin ya faru, wasu ni ce ta farko da suka faɗa wa.

Masu tatu kuwa, ni na tsaya inda malamata ta tsayar da ni kuma in ƙanwata ta ce za ta yi zan hana ta. Amma na daina yi musu kallon 'yan iska kai tsaye yadda na tashi na ga ana yi. In na ga saurayi a bakin tasha da rubutu a damtse sai in ce Allah kaɗai ya san me ya binne a wurin. Ɗan goggona yanzu ya yi aure yana gyaran babur, yana sahun gaba a masallaci da riga mai dogon hannu. Har ya so ya ɗora ƙarfe mai zafi ya goge nashi, malam ya ce mishi tubarshi ta isa ba sai ya cuci jikinshi ba, ni kuma na ce in ya kuskura ya ƙona kanshi da gangan ba ni ba shi.

Ban yi aure ba har yanzu, akwai mai zuwa, na ce ya turo 'yan uwanshi mata su gani tun da wuri kar mu ɓata wa juna lokaci, sun zo har ɗayar ta ce in yi mata ƙunshi. Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Safar tana nan ban yar ba, akwai ranakun da nake tashi ba na son ido in sa abata, musamman in zan shiga kasuwa. Yatsun nan biyu kuma likita ya ce za a iya sakin su da aiki amma sai an je Yamai, a ɗauko fata daga cinya a dasa, kuma zan yi watanni ban riƙe leda ba. Na shiga adashi saboda shi, in na kwashi nawa bayan babbar salla sanda kasuwar ƙunshi ke lafawa nake son in tafi, Baba ya ce shi zai raka ni. Ku sa ni a addu'a.